Ni Inna, Ita Mama

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma "Mama ta ce". Mama ta ce ruwa ya fara ɗumi, Mama ta ce a ƙara masa zurfi, Mama ta ce, Mama ta ce. Ina tsince shinkafa na ɗago na ce, Auta, wai ni wace ce a gidan nan? Ta ce, ke Inna ce mana. To. Ni Inna, ita Mama. Ni na yi naƙuda da goyo da wankin kashi, ita ta tsinci 'ya da digirinta a hannu.

Matar nan shugabarsu ce a wurin aiki, can bayan gari inda ruwan ƙazantar gari yake taruwa. Ban taɓa ganinta ba sai a wayar Auta. Doguwa, siririya kamar muciya. Ni Mai Tabarau nake ce mata.

Laraba, 5 ga Maris

Matar mai walda ta leƙo ta katanga, wai Iya, takamaimai aikin me Auta take yi? Na ce kiwon gansakuka. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ai kuwa ba ƙarya na yi ba. Ruwan wanka da na wanki da na bayan gida, duk shi suke tarawa a wasu dogayen tafkuna na siminti, su zuba irin gansakuka. Ita ta cinye dattin, ruwan ya fita fes, masu lambu su yi ban ruwa. Haka Auta ta ce.

Abin da nake kankarewa a gindin randa in zubar, shi 'yata ta yi shekara da shekaru a makaranta don ta raina. Marigayi babanta ya ƙare bayansa a kujerar mota don ta yi karatu. Ya huta, bai ga wannan ba.

Asabar, 8 ga Maris

Jikina da zafi tun safe. Na gaya mata. Ta ɗora bayan hannu a goshina, idonta a kan waya, ta ce ki sha magani Inna, ta fice.

Ita gansakuka tsinken awon zafi gare ta, ba ɗaya ba ba biyu ba. A auna ta da safe, a auna ta da rana, a auna ta da yamma. In zafi ya yi mata yawa a ja mata rumfar raga, in ya sauka a yaye ta sha rana. In sanyi ya kama ta wai ba ta cin abinci. Ni bayan hannu.

Litinin, 10 ga Maris

Zafi ya soma. Fanka iskar wuta take hurowa.

Alhamis, 13 ga Maris

Ashe ruwa ba ya tsami banza. Yau ta zaunar da ni, har da haɗa min shayi, na san da magana.

Wai aikin nasu gwaji ne. Duk shekara in zafi ya tsananta gansakukar mutuwa take, ruwan ya koma ƙazantarsa, a sake daga farko. Bana suka kawo dabarar ragar nan da ƙara zurfin ruwa. In har suka fita zafin nan tana raye, za a tabbatar da aikin, ita ma a tabbatar da ita. Na ce madalla. Ta ce kuma za a ba ta ɗaki a can, don mai kula da tafkin dole ya kwana kusa. Ɗakin jikin na Mama.

Na ce ni fa? Ta ce haba Inna, ai duk ƙarshen mako ina nan. Na ce haka yayanki ya ce ranar da ya tafi, yanzu muryarsa kawai na sani. Na ce in kuma gansakukar ta mutu fa? Ta ce shi ke nan, a rufe wurin, in dawo in zauna miki a gida.

Na ce to Allah ya kashe ta.

Ta kalle ni. Na yi dariya don ta ɗauka wasa ne. Ba ta yi ba. Ta ɗauki kofinta ta shiga ɗaki.

Lahadi, 16 ga Maris

Ba kaɗaici nake tsoro ba. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, ban mutu ba. Abin da ke cina, in aure ne ya ɗauke ta sai in ce haka duniya take. Amma wata mace, tsohuwa kamata, da ruwan kwata.

Talata, 18 ga Maris

Ta dawo da wata farar jarka mai ganin ciki, cike da koren ruwa, tana rungume da ita kamar jariri. Wai iri ne na ajiya. In tafki ya mutu da shi za a tayar da wani. Ɗaya tana ɗakin Mama, ɗaya Mama ta ce a kawo nan, don zaurenmu akwai sanyi, kuma in ɗaya ta lalace a samu ɗaya.

Sai dokoki. Da safe a fito da ita ta sha hantsi, da rana ta fara cizo a mayar zaure, bakin ƙofa inda akwai haske amma babu rana. A naɗe gindinta da jiƙaƙƙen buhu. A riƙa girgizawa. Kada a ɗaure murfin. Kada ki ce ruwan ya yi datti ki canza mata, Inna, don Allah don Annabi.

Na ce ranar Alhamis na yi mata addu'ar mutuwa, yau ni za a ba reno? Ta ce ai na san ki, ko kazar maƙiyinki aka bar miki ba za ta kwana da yunwa ba.

Wannan kuma gaskiya ne, shi ya fi ba ni haushi.

Juma'a, 21 ga Maris

Fitar da ita, shigar da ita, jiƙa buhu, girgiza. Ga nauyi, ga gwiwa. Na samo tsohuwar tabarma ina ɗora ta a kai in ja.

Matar mai walda ta ce, Iya an yi jika ba a gaya mana ba, da wa ta yi kama? Na ce da kakarta ta wurin aiki, ba ki ga fuskar ba? Ta ce kishi kike da ruwan kwata Iya. Na ce je ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri.

Asabar, 22 ga Maris

Gani ya kori ji. Auta ta manta da abincinta, na ce bari in kai, in ga wurin da idona.

Ban ji warin da na zata ba. Akwai dai, daga can bakin inda ruwan ke shigowa, baƙi ƙirin. Amma tafkunan dogaye ne, ba zurfi sosai, ruwan kore shar yana zagayawa, wata ƙafa mai faranti tana kaɗa shi, faf, faf, faf. Sama an kafa ƙarafa, ragar baƙa tana naɗe a gefe da igiyoyi. Ina tsaye sai Mai Tabarau ta tsoma tsinken awonta ta ɗaga, ta ɗaga tabarau ta duba, ta ce a ja. Su biyu suka kama igiya, ita da Auta, ragar ta rufe ruwan. Ko magana ba sa yi, ɗaya ta saki ɗaya ta ja. Sun saba.

Da ta gan ni ta taho da sauri, har ƙasa ta durƙusa. Yaya, sannu da zuwa, Yaya ya ƙarfin jiki. Wa ya ce mata ni yayarta ce? Na ce lafiya lau Malama. Ta ce Allah ya saka miki, kin haifa mana yarinya. Mana.

Ta kai ni ɗakinta in sha ruwa. Gado, tebur, littattafai har ƙasa, babu ko labule. Jarkarta tana bakin taga. Ta fi tawa kore. Ba kaɗan ba. Tawa kamar an wanke ganye a ciki, tata kuwa har duhu-duhu take. Na tambaya kamar ban damu ba, Auta ta ce ta Mama ta fi samun haske ne.

Da za mu fito Auta ta yi gaba kai ba komai. Matar nan ta cire malafar kanta ta kifa mata, ta ce 'yata, rana. Ta gyara mata igiyar a ƙarƙashin haɓa. Auta ta tsaya mata kamar 'yar yaye. Ni in na ce ta gyara ɗankwali sai ta ce Inna ni ba yarinya ba ce.

A mota ina dawowa na ce a raina, tsintacciyar mage ba ta mage. Ban ji sauƙi ba.

Talata, 25 ga Maris

Haske ne ko? To akwai rana a gidana ni ma. Yau na bar jarkar a tsakar gida ta ɗan ƙara jimawa.

Alhamis, 27 ga Maris

Ta soma duhu. Kullum ina ƙara mata kaɗan. Su da tsinkensu tsoron rana suke, ni na shanya abin duniya a tsakar gidan nan tun ba a haifi Auta ba.

Da yamma Auta ta ɗaga buhun ta ce, kai, Inna me kike ba ta? Ta kusa kamo ta Mama. Na ce ba na ba ta komai, hannu ne. Kusa. Za mu gani.

Lahadi, 30 ga Maris

Ko hutun yau ba ta yi ba. Ta ce ruwan tafki yana kaiwa wata lamba da rana, ta faɗa, ban riƙe ba, wai kaɗan ya rage ya kai inda take mutuwa. Ta rame, wuyanta duk ƙuraje. Na ce ki ci abinci. Ta ce na ci a wurin Mama.

Na juye wa kajin maƙwabta nawa.

Talata, 1 ga Afrilu

Mijin ƙanwar marigayi ya rasu, aka aiko da safe. Na fito da jarkar, na ce kafin rana ta yi zafi na dawo. Gidan ya cika, aka zaunar da ni kusa da matar, tana riƙe da hannuna.

Na tuna da ita. Ba zan ce ban tuna ba. Lokacin da inuwar rumfarsu ta tsuke na tuna. Na ce bari a gama addu'ar nan. Aka gama, aka soma wata. Na ce ai ta saba da rana yanzu. Na ce wa zai tashi daga gidan mutuwa saboda ruwan kwata.

Sai bayan la'asar na shigo. Jarkar ba ta taɓuwa, kamar an sauke daga murhu. Buhun ya bushe ƙayau. Na ja ta zaure, na kwara mata ruwa a jiki, na yi ta fifita. Kore dai tana nan, amma wani iri.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ta kwanta a ƙasan jarkar, saman ruwan ya yi fari-fari. Na girgiza ta tashi, na ajiye ta koma. Launin ya koma kamar ruwan ganyen da ya kwana. Na naɗe ta da buhu har wuya. Auta ta shigo a gajiye, ta ce ya jikarki? Na ce tana barci. Ta wuce.

Wataƙila gobe ta farfaɗo. Mutum ma yana suma.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ba ta farfaɗo ba. Wari.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Da azahar na ji mota a ƙofar gida. Auta ce da direban wurin aikinsu, ƙafarta duk laka. Ko sallama babu. An ɗauke wuta tun safe, janareta ya ƙi tashi, ƙafar nan mai kaɗa ruwa ta tsaya, ga iska ta yaga ragar ta gefe guda. Ruwa ya tsaya cak a rana. Kafin su ankara babban tafkin ya koma ruwan ƙasa. Ta ce Inna jarkar, da sauri, Mama ta ce in aka haɗa biyun za a tayar da shi kafin masu duba aikin su zo.

Ta yaye buhun.

Ta daɗe a tsugune. Ta buɗe murfin ta sansana, ta mayar a hankali. Ta ce tun yaushe? Na ce Talata. Ta ce Talata, Inna, kika ce min tana barci. Na fara cewa gidan rasuwa, ta ɗaga min hannu. Ni, ta ɗaga min hannu.

Ta ce, to, Allah ya karɓi addu'arki. Kin samu yadda kike so.

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi ihu da na samu abin mayarwa. Ta shiga ɗaki ta zuba kaya a jaka, ta ce ta Mama kaɗai ta rage, sai an raine ta a ƙaramin tafki kafin a mayar babba, ba ta san ranar da za ta dawo ba. Direban ya ce sai an jima Hajiya, kansa a ƙasa.

Na zubar da ita a kwata. Daga can ta fito.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Shiru. Na kira, ta ce tana aiki.

Talata, 8 ga Afrilu

Matar mai walda ta ce, Iya ai tsautsayi ne, wa ya isa ya ce da gangan kika yi. Na ce 'yar da na haifa. Ta ce to ki rantse mata mana. Na ce ki tafi, barci nake ji.

Rantsuwar ce ba zan iya ba. Na juya abin ta ko'ina. So nake tawa ta fi tata, wannan na sani. Amma zaman da na ƙara a gidan rasuwar nan bayan na tuna, shi ne ban san na mene ne ba.

Ga shi ta tafi ɗin dai. Tana can jikin ɗakin matar, ni na kai ta da hannuna tun ba a ba ta ɗakin ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ina shara na ji sallama. Mai Tabarau, ita kaɗai, rungume da jarka. Na ce yau ga ranar wanka, ta zo ta wanke ni tas a gidana. Na gyara tsayuwa, na tanadi nawa.

Ta ajiye jarkar a zaure, ta durƙusa, Yaya ina wuni. Na shimfiɗa mata tabarma don dole. Na kawo ruwa ta shanye ta nemi ƙari. Kusa da kusa ba ta kai yadda na ɗauka ba, idonta ya faɗa, hannunta duk tsagar igiya.

Ta ce ƙaramin tafkin ya kama, har sun ɗebi wannan a ciki. Dole dai a ajiye wani a waje, kuma zauren nan ya fi ko'ina. Na ce Malama, ba a gaya miki abin da na yi wa waccan ba? Ta ce an gaya min. Ta ce Yaya, ke jarka ɗaya kika kashe, ni tafki guda na dafa, ba sau ɗaya ba, da takarduna da komai. Ta yi dariya. Ban taya ta ba.

Ta ce laifina ne ma, na aiko miki da doka ban aiko da ma'auni ba. Ta ciro tsinke daga jaka, ta ɗaure masa jan zare a wani wuri. In jan ruwan ciki ya kusa zaren nan, a gudu da ita inuwa, ko da hantsi ne. Wai ƙarin ranar da na yi mata da farko ba laifi ba ne, hasken take so, zafin ne ba ta so, su ma abin da suke ta fama da shi ke nan a can, yadda za a ba ta wannan a hana ta wancan.

Na ce ita ta aiko ki? Ta ce ba ta san na zo ba, in ta ji ma sai mun yi faɗa. Ta ce yarinyar nan taurin kai gare ta, ba ta cin abinci, na yi magana har na gaji, ni ba ta jin tsorona. Na ce ba a lallashinta, ajiye mata ake a tafi, in kika tsaya a kanta ba za ta ci ba. Ta ce au, haka ne? Kamar wadda aka ba wani babban sirri. Na yi da-na-sanin gaya mata.

Da ta tafi na zauna ina kallon jarkar. Mutumin da kake ƙi ya zo maka da kirki, wannan ita ce mugunta. Da ta zage ni da yanzu ina barcina.

Litinin, 14 ga Afrilu

Idona ba ya ganin jan ruwan sosai. Na nemo tabaran marigayi a akwati. Matar mai walda ta leƙo ta gan ni da shi a tsugune gaban jarka, ta buɗe baki. Na ce ki kuskura.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Zafin yau ko kare bai fito ba. Tun hantsi jan ruwan ya kusa zaren, na shigar da ita. Na sake jiƙa buhu har ban san iyaka ba. An aiko ana neman mu a gidan rasuwa, na ce gwiwa.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ta zo. Ta yi baƙi, ta ƙara ramewa. Ta gaishe ni a tsaye. Ta ga jarkar, ta ɗaga buhun, ta duba tsinken. Na zuba abinci na ajiye mata a ƙofar ɗaki na koma wankina.

Can ta fito da kwanon ta zauna a kan turmi kusa da ni. Ta ce Inna, tambaya ɗaya. Da gangan ne?

Na ce ban sani ba.

Ta ce kamar ya ba ki sani ba? Na ce kamar yadda na faɗa. In ce a'a na yi ƙarya, in ce i na yi ƙarya. Na tuna da ita ban tashi ba, iyakar abin da na sani ke nan.

Ta yi ta juya cokali. Ta ce da wata ce da ta rantse. Na ce da wata ce. Ta ce Inna ke dai ba ki iya lallashi ba. Na ce a wurin wa kika gado?

Ta cinye, ta ƙara. Ta wanke kwanon da kanta. Ba ta kwana ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

An mayar babban tafki, wai ya soma kore daga gefe. An gyara ragar, an kawo wani janareta. Auta ce ta kira da kanta ta gaya min. Ta tambayi tawa, na ce tana nan ta fi ta wasu.

Laraba, 7 ga Mayu

Hadari jiya, iska mai sanyi. Masu dubawa sun zo sun tafi. An tabbatar.

Ta kira tana ta ihu a waya, ina jin muryar waccan a bayanta tana dariya. Na ce Allah ya sa albarka. Na faɗa da kyau, ta ji. Da na ajiye wayar na share tsakar gida, ko da yake na share da safe.

Lahadi, 11 ga Mayu

Mun kai kayanta. Katifa, akwati, tukwane biyu daga nawa. Ɗakin ba laifi, amma tagarsa yamma take kallo, babu ko bishiya. Da la'asar rana ta shigo har kan gado. Na ce Malama, ruwan kwata kun yi masa rumfa, 'yar mutane kun sa ta a tanda? Ta ce Yaya nawa ma haka yake, jere suke, mun saba. Na ce sabo da wuta ba ya hana ƙuna. Mace da ilimin auna zafi, ta kwana a murhu shekara da shekaru ba ta sani ba.

Na auna tagar da gyalena.

Sun rako ni bakin titi su biyu. Na dawo gida, na buɗe ƙofa, na jiƙa buhu.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na gama labulen, mai kauri, ninki biyu, da hannu na ɗinka don keken ya daɗe da tsayawa. Direban zai biyo gobe ya karɓa.

Guda biyu ne. Yadin ne ya yi saura, kuma tagogin girmansu ɗaya, ba wani abu ba. Na gaya wa direban ya ce wa Auta ta rataya mata da kanta, don matar nan in aka bar ta sai ta shimfiɗa wa jarka.